Jiniyar da Na Hana Ta Tarbar Baƙo

Na manta abubuwa da yawa na shekarun aiki, amma ban taɓa mantawa da ranar da na damƙe makullin jiniya a hannu, na dubi darakta ido da ido na ce ba za a kunna ba. Ku yaran yanzu da kuke ce mini Baba Bitrus mai taurin kai, ku zauna ku ji inda sunan ya samo asali.

A lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Zuru ba. Ni ne fomen na sashen lantarki, wato babba a kan masu haɗa waya, sama da ni kuma sai injiniyan da muke kira darakta. Akwai wata unguwa a gindin dutse, bakin rafi, wadda ruwa ke yi wa ɓarna duk damina. Illar ruwan nan ita ce ba ya sallama. Sai a tafka shi can kan duwatsu wajen Dabai, a unguwar ko yayyafi ba a yi ba, mata na wanki, kawai sai rafi ya taso ja wur. Shi ya sa aka sayo jiniya, aka ce mu kafa.

Kafa jiniya ba rataya lasifika ba ne. Ita kanta injin ce mai fanka a ciki, idan ta juya da ƙarfi sai iska ta fito da kuka. Muka zaɓi tudu a bayan unguwar, muka haƙa rami muka zuba kankare, muka bar shi mako guda ya kama. Sannan muka ɗaga dogon turken ƙarfe, ya fi rufin kowane gida tsawo don kada gini ya tare sautin, muka ɗaure shi da wayoyi ta fuska uku saboda iska. Muka binne sandar jan ƙarfe a ƙasa don tsawa. Bakin jiniyar muka juya shi ya kalli rafi. A jikin turken, daidai ƙirjin mutum, muka saka akwati mai kwaɗo, cikinsa batirin babbar mota biyu da maɓalli ɗaya. Batirin ni na nace a kansa, don duk mun san da hadari ya haɗu ake ɗauke wuta.

Ranar gwaji na farko na danna maɓallin ina ta jin kaina. Kafin kukan ya sauka na ga abin da ban zata ba. Unguwa gaba ɗaya ta fito da gudu, mata da goyo, tsofaffi da sanda, amma ba tudu suka nufa ba. Titi suka yi, suka cika gada maƙil suna leƙen hanya. Mutanenmu ba su san jiniya da komai ba sai wucewar manya. In ka ji ta, babban mutum ne tafe, sai ka fito kallo. Gadar nan kuwa ita ce wurin da ruwa ke fara cinyewa.

Wanda ya fara gane girman abin shi ne Sajan Ishaya, tsohon soja mai ritaya, gidansa ne mafi kusa da turken. Ya ce mini, "Ɗana, wannan ƙarfe naka kashe mutane zai yi in ba a yi musu fareti ba."

Fareti kuwa muka yi. Mako uku muna bin coci ranar Lahadi, ƙofar masallaci ranar Juma'a, da wurin masu sayar da itace. Magana ɗaya ce: jiniyar mota tana hawa tana sauka tana wucewa, tamu kuka ɗaya ne dogo, in kun ji shi ku bar komai ku hau tudu. Aka tsara cewa ƙanin Sajan da ke noma can sama zai bugo masa waya in ruwa ya taso, shi kuma ya danna. Muka yi gwaji biyu, kowanne sai da aka sanar tun ana gobe. A na biyun ko mutum ɗaya bai kalli titi ba.

Sai ranar ƙaddamarwa. Aka kafa rumfa a gindin turke, ana jiran babban baƙo daga Birnin Kebbi. Da hantsi darakta ya yafito ni.

"Bitrus, da ka hangi motocinsu sun hau gada, ka sakar muna ita. Ina son baƙo shi ji abin da munka yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a sanar da mutane ba. In ta yi kuka yanzu tudu za su gudu."

"To shi ke nan, a tura a hwaɗa musu yau ta murna ce, su taho titi su yi tarba."

Nan raina ya ɓaci, ɓaci na gaske. Mako uku muna raba mutane da titi, a rana ɗaya za a mayar da su. Na ce, "Yallaɓai, in aka kunna ta yau don baƙo, ranar da ruwa ya taso matar da ke wanki za ta tsaya tana tunanin ko baƙo ne. Wannan tsayuwar ita za ta ci ta. Ba zan kunna ba."

"Mi ka ce?"

"Na ce ba zan kunna ba."

Bisa tsari, a wurin bikin ne zan miƙa makulli ga Sajan, wanda zai riƙa kula da akwatin. Ban jira biki ba. Na taka na saka shi a tafin Sajan. Darakta ya juya kan Sajan, ya ce Baba, buɗe muna. Tsohon nan ya ƙame, ya sara masa, ya ce, "Oga, oda ɗaya aka ba ni. Ruwa." Ya jefa makullin a aljihun gaba ya maɓalle.

Baƙo ya zo, ya yanke ƙyalle, ya ɗaga kai ya kalli jiniya shiru, ya tafi. Washegari na samu takardar tuhuma, wato kwiri, kan ƙin bin umarnin na gaba. Aka ba ni kwana biyu in amsa. Layi ɗaya na rubuta, cewa na ƙi, kuma gobe ma zan ƙi. Kafin wata ya ƙare aka mayar da ni garin Bena, ƙarin girman da nake jira kuma ya wuce ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya yi mini ciwo, matata ta yi kwanaki ba ta yi mini magana mai daɗi ba.

Can tsakiyar damina, wata rana da la'asar ina kan tsani a Bena, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, ba wanda ya yi magana. Kuka kawai nake ji, dogo, ba ya sauka. Na san muryarta, ni na ɗaure ta da hannuna. Na riƙe tsani da kyau. Sai muryar Sajan, yana haki.

"Ɗana, ka ji ta? Ruwa ya hau gada. Ɗakuna sun faɗi, awaki sun tafi. Na ƙirga mutanena gida gida, duk suna nan tudu."

Na sauko na zauna a ƙasa, na yi kuka gaban mutane, ban ji kunya ba.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Turke da batiri aikin mako biyu ne, kowa zai iya. Abin da ke da wuyar kafawa shi ne mutane su yarda cewa in ta yi kuka da gaske take, kuma sau ɗaya tak za ka yi wasa da ita ka rasa wannan. Manya za su nemi ku ara musu ita don ado, ku hana. Kwirin nan har yau tana cikin fayil ɗina, an ce in rubuta ban haƙuri a cire, na ce a bar ta inda take.