Awon Tsattsewa a Zauren Tasi'u Tela

A wani ƙauye gefen Dawakin Tofa, Malam Tasi'u ya shekara arba'in yana ɗinki. Da gwanjo ya cika kasuwa, sai keken ya yi shiru. Matarsa Hure ta rasu, 'ya'ya sun tafi birni, ba sa tunawa da shi sai da sallah. Abokan zamansa tsattsewa ne da suka yi sheƙa a rufin zaurensa, su kuwa ba sa amsa sallama.

Da damina ta faɗi, wata ɗalibar jami'a mai suna Raudatu ta zo. Bincike take kan yadda jikin tsattsewa ke sauyawa da shekaru da yanayi. Ta ga tef ɗin awo a wuyansa, ta koya masa kama tsuntsu ba tare da ya ji ciwo ba, ya auna fiffike, ya rubuta babba ne ko ɗan bana. Duk Alhamis takan zo karɓar abin da ya rubuta. Tun Laraba yake share zaure, yana tanadin hirar da zai yi mata.

Bayan girbi ta zo da takardu, ba fara'a.

"Baba, a lissafinka 'yan bana sun fi iyayensu tsawon fiffike. Yaya aka yi?"

"Na sakar musu ne, 'yata."

"Ka sakar musu me?"

"Wani milimita uku, wani biyar, yadda ido ya ba ni. Wane tela ne zai auna yaro daidai jikinsa? Ba zai girma ba?"

"Baba, riga na ce ka ɗinka musu?"

Ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya haɗiye sauran. Abin da ya tsaya masa a rai ba fiffike ba ne. Idan aikin ya lalace, wa zai sake tsayawa a ƙofar nan?

Ta daɗe tana juya takardun.

"Awon damina duka ya tashi a banza. Sai an sake daga farko."

"Da wa?"

"Da kai mana. Wa ya kai ka sauƙin hannu? Amma sai ruwa ya sauko. Kafin nan ba ni da abin zuwa yi."

Ya raka ta bakin titi, ya tsaya har motar da ta hau ta ɓace. A hanyar komawa ya tarar da wani manomi yana ɗaure karan dawa. Ya tambaye shi ko yana ganin ruwan baɗi zai sauka da wuri.