Malam Isaiah da Kashin Jemage

Ku matso kusa, ku gyara zama, in ba ku labarin Malam Isaiah na unguwar Madaki. Shekara ashirin da bakwai yana koyarwa a firamare, kuma abu biyu ne a ransa: kogon da ke dutsen ƙauyensu can kudancin Gombe, da ɗan tumatirin da yake shukawa a bayan gida. Matarsa Janet takan ce ita ce ta uku, shi ma in an yi mata adalci.

Duk shekara, da an gama jarrabawa, sai ya kwashi 'yan aji shida a mota zuwa kogon nan, kowa da tocilarsa. A bakin kogo yake tsayar da su.

"Nan gidan jemagu ne, mu baƙi ne. Ba ihu, ba rubutu a bango, ba a ɗaukar ko tsakuwa. Kashin nan nasu da kuke toshe wa hanci, abincin ƙananan ƙwarin ciki ne."

To bana tumatirin Malam ya ƙi kyau, ganye duk ya yi rawaya, kuma kowane manomi ya san babu taki irin kashin jemage. Yara na fitowa, sai Malam ya ce ya manta hularsa a ciki. Ya dawo da hula a kai, jaka a kumbure.

Ba su yi nisa ba wari ya cika mota. Babayo direba ya sauke gilashi.

"Malam, wani yaronka fa ya yi aika-aika."

Najeeba, monitar aji, ta bi warin kujera-kujera har ta tsaya a kan jakar Malam.

"Malam, ko tsakuwa fa ka ce."

"Wannan ai na bincike ne, 'yata."

"Har rabin buhu?"

Yara talatin suka zuba masa ido. Ya san in jakar nan ta isa Gombe, baɗi wani zai kankare sunansa a bangon kogo da ƙusa, shi kuwa ba shi da bakin hanawa.

"Babayo, juya."

Haka ya sake hawa dutsen da tsakar rana, yana haki, gwiwa na ƙara, yara na biye suna rera masa dokokinsa kamar karatun aji. Ya juye takin inda ya ɗebo, ya ɗaga kai ya ba jemagu haƙuri.

Yanzu ku gaya mini tsakani da Allah: da a ce takin nan ba ya wari, kuna jin motar nan za ta juya?