Dutsen Siminti da Bayan Malam

Da aka sako maigidana daga daji, ƙafafunsa sun koma kamar karan dawa. Ya daɗe a ɗaure a hannun mutanen nan, shanunmu kuma sun ƙare wajen karɓo shi. A asibitin Batsari aka ce babu abin da ya karye, jiki ne ya zube. Aka ce ya ci abinci, ya riƙa motsa ƙugu da ƙafafu a hankali, ƙarfi zai komo.

Ni damina ce a raina. Gona ɗaya ta rage mana, can bayan Yasore, ta wajen da aka ɗauke shi. Malam, maigidan nawa, ya ce shi zai noma ta, tunda an riga an tatse shi, sun kuma san ba shi da sauran komai. In bai miƙe ba kuwa, dole babban ɗanmu ya je, kuma kowa a garinmu ya san yadda ake yi da saurayi a wannan hanyar.

Yaron ya baro aikin lebura a Katsina ya dawo gida. A wayarsa ya ga wani ƙarfe da ake motsa jiki da shi, dunƙulalle mai mariƙi a sama, kamar buta marar baki. Ya samo ragowar siminti ya zuba a tsohuwar ƙwarya, ya lanƙwasa rodi ya dasa a ciki. Biyu ya yi, ƙarami na ubansa, babba nasa. Muka riƙa ce musu dutse.

To, yaron ɗan fari ne. Tun da aka haife shi ba mu taɓa kama sunansa ba, ni da ubansa, ba ma haɗa ido da shi, magana sai ta gefe. Haka muka tarar. Saboda haka ranar da zai koya wa ubansa, rumbu ya fuskanta, yana magana kamar da rumbun yake.

"Mutum ya ware ƙafa daidai faɗin kafaɗa. Dutse a tsakiya. Kada a tsuguna, kada a ranƙwafa. Ƙugu ake turawa baya, baya ya miƙe kamar taɓarya. A fara da ɗagawa da ajiyewa kawai. Sai an saba ake lilo da shi, kuma ƙugu ne ke jefa shi gaba, hannu igiya ce kawai."

Malam yana kan tabarma yana jan carbi, kamar bai ji ba. Da ya tashi ya kama dutsen, sai ya duƙa yadda ya saba duƙa wa fartanya tun yana yaro, baya a lanƙwashe, ya fizgo shi da hannu. Yaron ya gani. Wane ɗa ne zai ce wa ubansa ya turo gindi, balle ya dafa masa ƙugu? Sai ya sake ce wa rumbu, "Baya dai a miƙe."

Da gida ya yi shiru na gwada da kaina. Na yi yadda na ji, sai na ji nauyin ya sauka a cinya, bayana bai ko sani ba. Na samu Malam a ɗaki na faɗa masa a hankali.

"Ke ma kin shiga makarantar wancan?" ya ce. "Ni zan tsaya gaban ɗana ina tura mazaunai kamar agwagwa?"

"Malam, ba sai yana nan ba."

Washegari na ce, ba da kowa ba, itace ya ƙare a gidan nan. Yaron ya gane, ya fita. Na tsaya gefen Malam na sa tafin hannuna a gadon bayansa. Ya tura ƙugu, ya ɗaga, ya ajiye. Ya sake. Na ga mamaki a fuskarsa. Muka yi ta yi haka kullum da hantsi, har ya fara lilo da dutsen, har ya fara neman ƙarin tuwo. Tun dawowarsa ban ji sanyi a raina ba sai a waɗannan kwanaki.

Rannan taubashiyarsa ta zo daga Babban Duhu duba shi, ta shigo da sallama a bakinta, ta same shi tsakiyar lilo. Ta ajiye ƙullinta ta tafa hannu.

"La'ilaha! Bawana, rawa suka koya maka a dajin? Karkaɗa mu gani, in nemo maka makaɗi!"

"Ke dai baiwar gidanmu ce, baki ya fi ki," ya ce, yana dariya.

Wasa ne irin nasu, ba ta nufi komai ba. Amma na ga fuskarsa ta canja. Mutumin da aka wulaƙanta a daji, fatar zuciyarsa ba ta da kauri. Daga ranar bai ƙara yarda na tsaya kusa ba. Ya bar ƙaramin dutsen, ya koma wa babban, wai na maza, yana fizgarsa da baya a duƙe. Na roƙe shi. Ya ce, "Da wannan bayan na ciyar da ku."

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas lokacin da abin ya faru. Ina tankaɗe na ji ya ce "Wash!", dutsen ya faɗi. Na tarar da shi a durƙushe, ya kasa miƙewa, ya kasa zama. Aka kira mai ɗori ya ja, aka sha saiwoyi, aka koma asibiti. Suka ce wani abu ya goce a ƙashin baya yana danne jijiya, hutu ne maganinsa, noma kuwa ban da bana. Sallah ma a zaune yake yi.

Ruwan shuka ya sauka. Da gari ya waye na ji yaron yana fiddo iri daga rumbu. Malam ya ja jiki zuwa bakin ƙofa, ya ce mini, "Gaya wa wancan a bar gonar."

Yaron ya durƙusa daga nesa, kansa a ƙasa. "Baba, in an bar ta, me za a ci?"

Na ɗaura masa fura a leda, ya saɓa sungumi ya fita.

Tun daga ranar kullum yana zuwa. Ni kuma ba na iya cin komai sai na ji motsinsa a zaure. Jiya an ce an ga baburan mutanen nan ta wajen rafin da ke kusa da gonar. Yau ma ya tafi.