Anti Koma-Sama Za Ta Miƙa Makullin Ɗakin Kwamfuta

Kafin ɗalibai su iso ta riga ta buɗe tagogi, ta kunna kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, tana kasa kunne ga ƙarar fankar kowace. Sannan ta ja kujerarta mai karyayyen hannu zuwa bakin ƙofa ta zauna. Haka ta yi shekara da shekaru a ɗakin kwamfuta na kwalejin, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ɗalibai ne suka laƙaba mata sunan. Duk wanda ya fara koyon harhaɗa manhaja daga tushe, wato ya sauko da ɗanyen rubutunta ya riƙa buga umarni a baƙin allo har ta zama abin aiki, ya san yadda saƙon kuskure ke zubowa. Sabon shiga kuwa layin ƙarshe yake ƙura wa ido. Sai ta tsaya a bayansa ta ce, "Koma sama. Waɗannan 'yan rakiya ne, mai laifin yana can farko."

Ba ta da yawan fara'a, kuma ba ta taɓa wa mutum kwamfutarsa. Wasu har haushin hakan suke ji.

Wata malamar makarantar makafi ta taɓa zuwa da tsohuwar kwamfuta a jaka. Manhajar da ke karanta rubutu da murya take so ta saka wa ɗalibarta, amma wadda aka riga aka harhaɗa ta ƙi hawa kan injin. Ga jarrabawa ta matso, in manhajar ba ta hau ba sai dai wani ya karanta wa yarinyar, ya kuma rubuta mata.

Da malamar ta gwada harhaɗawa da kanta, saƙon kuskure ya zubo, sai ta ce, "Anti, na lalata ta ko?"

"Ba ki lalata komai ba. Me layin farko ya ce?"

"Wai bai ga wani fayil ba."

"A wace folda kike tsaye?"

Ashe ba ta shiga foldar manhajar ba. Ta shiga, ta sake bugawa, wani kuskuren ya fito: akwai ɓangaren da manhajar ta dogara da shi, ba a saka ba. Suka saka. Na ukun ya tsayar da su duka. Anti ta gyara tabarau ta ce, "Wannan ban san shi ba. Mu karanta bayanin da masu ita suka rubuta." A ciki suka gano manhajar da ke yin harhaɗawar ce ta tsufa, suka sabunta ta.

Da kwamfutar ta yi magana, malamar ta rufe baki da gyalenta. Anti ta ce, "Goge ki sake daga farko. Can makarantarku ba na nan." Yarinyar da hannunta ta rubuta jarrabawar, kuma yanzu malamar ce ke saka wa sauran ɗaliban.

Anti, ke ce ba ki taɓa ce wa mai tambaya abin ai mai sauƙi ne ba. Mai haƙuri da 'yan koyo, mun gode. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma da kuka iya, in kun ga wani ya yi tagumi gaban baƙin allo, ku ja kujera ku zauna kusa da shi.