Onlaikili, San da Ya Ƙi Mutuwa

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana, Malam Mani, wanda mutanen Dutsin-Ma da Kurfi suka sani da Mani Tafinta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, rana ɗaya kuma aka kai mu elementare daga ƙauyenmu Birchi. Shi ya zauna ya yi karatu. Ni kuwa na gano taga ta fi ƙofa kusa da gida, ban kai aji biyu ba. Wannan rubutu ma da kuke gani, sai da na ci rabin biro.

Kafin samun mulkin kai ya kama aiki da wani Bature likitan dabbobi, yana fassara masa maganar makiyaya. A wurin Yaya na fara jin cewa Bature bai cika cewa a'a kai tsaye ba, yana da matakala. In ya ce "ba na zato", to da sauran dama. In ya ce "ai daut it", wato yana shakka, damar ta ragu. In ya kai ga "onlaikili", shi ne da wuya ɗinmu. In kuwa a gaban hakimi ne, sai ya ja magana ta yi tsawo: ba za a ce abin ba zai yiwu ba, sai dai yiwuwar tana da nisa ƙwarai. A kasuwa kuma, in wani ya ishe shi, ya ce sai ranar da alade ya yi fiffike. Wannan Yaya ba ya fassara shi, sai ya ce, "Bature ya ce ka je ka huta."

Abin da Yaya ya lura da shi, ya kuma sha faɗa mini, shi ne: duk yadda maganar ta ƙara tsawo da ladabi, haka damar take ƙanƙancewa. Mu kuma nan, muddin ba mu ji a'a ba, gani muke ƙofa a buɗe take.

A lokacin ina da wani baƙin sa da na raina tun yana maraƙi, da shi nake huɗa, shi ne kuma duk abin da na mallaka ban da bakina. Wata shekara gab da damina ya kwanta, ya ƙi ci, ya ƙi sha. Zaɓi biyu ne a gabana: in sa a yanka shi yana da rai a ci nama, ko in jira, in ya mutu ya zama mushe a ja shi daji. Ranar kasuwar Kurfi likitan ya zo allurar shanu, Yaya ya lallaɓo shi har gidanmu.

Bature ya tsuguna, ya ɗaga fatar idon san, ya danna cikinsa, ya ɗura masa wani magani. Sannan ya miƙe ya yi magana mai tsawo cikin taushi. A tsakiyarta na tsinci "onlaikili".

"Me ya ce, Yaya?"

"Ya ce ba zai rantse cewa ba zai tashi ba, amma da nasa ne, da bai jingina da hakan ba."

"Alhamdu lillahi! Ashe zai tashi."

"Iro, kunnenka ƙalau? Aika a kira mahauci."

"Yo ya ce zai mutu ne?"

"Bai ce ba."

"To kai ka fi shi sani? Shi ne likita, kai bakinsa kawai aka ara maka."

Yaya ya dube ni, ya ce Allah ya shirye ni, ya bi Baturensa suka tafi. Mahauci ya zo da wuƙarsa, na ba shi goro na sallame shi.

Sa dai ya tashi. Bayan 'yan kwanaki ya miƙe yana tangaɗi, ya kai baki ga harawa. Tun daga ranar sunansa ya koma Onlaikili. Duk sa'ad da Yaya ya zo gida sai in jawo shi har ƙofar zaure in ce, "Onlaikili, gai da mai fassara." Bai taɓa fushi ba. Abin da yake cewa kullum ɗaya ne: "Bature bai yi ƙarya ba. Ƙofar ƙarama ce ya ce, sanka kuma ya bi ta. Kada ka ɗauka kullum haka ake yi."

Da Yaya zai dawo yau, ban san yadda zai yi da mu ba. Yanzu kowa tabbas yake sayarwa. Mai neman ƙuri'a ya ce babu shakka, mai maganin gargajiya a lasifika ya ce sha yanzu magani yanzu. Jikokina in za su ce abu da wuya, sai su ce ba zai taɓa yiwuwa ba, gobe kuma ya yiwu su yi kamar ba su faɗa ba. Mai hasashen ruwa a rediyo kaɗai nake jin yana ɗan taka matakalar nan, shi ma dariya ake masa a majalisa. Ina zaton Yaya zai zauna kusa da rediyon ya ce, ga mutum ɗaya mai kunya.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin ciwon ciki ya kama shi, har muka kai shi asibiti a Katsina. Ya rame, amma hankalinsa garau. Likita ya so a yi masa aiki, Yaya ya tambaye shi da Turanci ko zai tashi. Likita ya zauna a bakin gado, ya yi magana mai tsawo cikin taushi. Ban gane komai ba sai kalma ɗaya.

Na ce, "Yaya, ai kalmar sana ce! Shi ma haka aka ce masa."

Ya yi murmushi. "Ka ji tsawon maganar kuwa? Ta fi ta sanka. Iro, in lokacin ne, a ɗakin Inna nake so ya same ni, ba nan ba. Nemo mota."

Bakina cike yake da gardama, amma na tuna wanda ya san matakalar a cikinmu. Na nemo mota. Ya ga Inna, ya ga 'ya'yansa, ya yafe wa kowa, har ya sa aka jawo masa tsohon san ya shafa goshinsa. A gida ya cika, ana kiran la'asar.

Bai bar gini ba, kuma waɗanda suka san shi sun kusa ƙarewa. Abin da ya bar mini kunne ne. Har yau in aka ce mini abu da wuya, ba na jin an ce ba zai yiwu ba, ba na kuma jin an ce zai yiwu. Addu'a nake yi da gaske, amma ba na sallamar mahauci. Allah ya jiƙan Yaya Mani, ya sa ƙofar da ya tarar can ta fi wadda ya bari nan faɗi.