Fermin Arrieta, Wa Zan Kira Zuwa Kogi?

Da safiyar Talata, sha huɗu ga Oktoba, ina zuba wa kare abinci sai 'yarka Maite ta bugo waya daga birnin Boise. "Kawu Lowell, Baba ya rasu." Maƙwabci ne ya same ka zaune a bakin garken dawakinka, hula a kan gwiwa, bokitin hatsi a gefe. Shekararka tamanin da ɗaya. Na ajiye wayar na rasa wanda zan gaya wa, domin duk labarin da na ji a garinmu Alder Ford, kai nake fara kai wa.

Mu huɗu muka taso a ajinmu, Fermin. Biyu sun riga mu tun tuni, makarantar ma an rufe ta. Yau saura ni.

Mahaifinka ya zo daga ƙasar Bask, can ƙetaren teku, yana saurayi, ya yi shekara talatin yana kiwon tumaki a duwatsun nan. Ba ka yarda a manta da irinsu ba. Kowace kaka sai ka hau doki ka bi dajin, kana kwafe sunayen da makiyaya suka sassaƙa a jikin bishiyoyi kafin bishiyoyin su faɗi. Da hannunka ka gyara amalanken makiyaya da mahaifinka yake kwana a ciki, ka kai shi ɗan gidan tarihinmu. Kowace Asabar kana buɗe gidan, ka hura murhu, ka dafa kofi, ka zauna. Sau da yawa har la'asar ba wanda ya leƙo.

Akwai abin da dole in faɗa. Da gwiwoyina suka gaza, na sayar da gonata ga wani baƙo mai kuɗi. Ban sa masa sharaɗin komai ba. Cikin wata guda ya zagaye ta da waya mai ƙaya, ya toshe hanyar gurbin kogin da mutanen garin nan ke kamun kifi tun kakanninmu. Ka tare ni a ƙofar gidan waya.

"Gona taka ce, ba wanda ya hana ka," ka ce. "Amma kogin wa ka haɗa masa da shi?"

Shekara biyu ba ka yi mini magana ba. A garin da titinsa ɗaya ne, gaba aiki ce babba, amma ka iya ta.

Sai matata Wilma ta rasu. Masu gaisuwa suka watse, gida ya yi mini faɗi. A rana ta tara na ji ƙarar kofato a tsakar gida. Ka shigo ba sallama, ka dire burodin da ka gasa a tukunyar ƙarfe.

"Tsohon banza, ka ga gemunka kuwa? Ɗauko fatsarka."

"Hanya a toshe take, Fermin. Ni na toshe ta."

"Na sani. Akwai ta sama, awa uku a kan doki. Gwiwarka za ta ba ka labari."

Ashe duk lokacin da muke gaba, kai kaɗai da gatari kana share tsohuwar hanyar makiyaya da ta ratsa dajin gwamnati ta sauka ɗaya gefen gurbin. Yau iyalai na bin ta da tantunansu kowace bazara, yawancinsu ba su san wanda ya buɗe ta ba.

Ran nan kifi biyu muka kama. A bakin ruwa na buɗe baki zan nemi gafara, ka ɗaga hannu. "Kana korar mini kifi." Bayan haka mun yi shekara goma sha ɗaya muna hawan hanyar nan tare. Duk sanda na ɗauko maganar sai ka katse ni, ni kuma na ji daɗin katsewar, na bar ta sai gobe.

To ka yafe mini, Fermin. Na faɗa yanzu, da ba ka da bakin hana ni.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa kusa da iyayenka. Maite, da ke da yaranki da gwaggonki Begoña, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu 'yan tsirarun da muka rage a garin nan, Allah ya sa mu cika da kyau, ya kuma bar mana wanda zai ɗauki akwatinmu.