Matar da Take Juya Shafi

Kullum sha ɗaya saura minti biyar, Enid Thackray takan jingine tsintsiya, ta sa farar safar hannu, ta nufi kusurwar arewa ta babban cocin garinmu. Can akwai akwatin gilashi, a ciki littafin sunayen 'yan garin da yaƙi ya ci. Ƙararrawa na bugawa sai ta juya shafi ɗaya, ta rufe. Shafin da aka juya kuwa ba a komawa kansa sai ya zagayo. Shekara talatin da huɗu ke nan.

Ni da nake sayar da shayi a bakin ƙofa na ga baƙi iri-iri, kai a sama, baki buɗe, suna ɗaukar hoton rufin da ya shekara ɗari takwas. Ba mai kallon Enid. Abin yana ba ni haushi, ita ko a jikinta.

Ta san ranar fitowar kowane suna, takan aika wa dangi kati. Haka Cyril Mossop yake zuwa daga bakin teku, tsohon da bai san mahaifinsa ba sai a layi ɗaya na tawada a littafin nan. Bara ambaliya ta tsayar da jiragen ƙasa, ya kwana a hanya, ga likita ya riga ya gaya masa ba zai ga wani zagayen ba.

Washegari sha ɗaya ta buga, shafin mahaifinsa na buɗe, Enid ta harɗe hannu, ta ƙi juyawa. Babban limamin cocin ya zo yana tuna mata cewa ko ranar da aka yi gobara an juya shafin nan.

Ta ce, "Yallaɓai, mutanen nan sun shekara tamanin suna kwance. Awa biyu ba za ta kashe su ba."

Ƙarfe ɗaya Cyril ya shigo yana dogara sanda, ya ce, "Yau kin makara, yarinya."

"Kai dai karanta, tsoho, ƙafata ta gaji."

Cyril bai kai bazara a raye ba.

Enid, ke ce mai riƙon amanar waɗanda ba za su iya godiya ba. Jumma'ar nan za ki miƙa makullin akwatin. Mun gode. Wanda zai karɓa ya koya daga gare ki, mu ma haka.

Sai a makon nan Enid ta nuna mini shafin kusa da ƙarshe. Sunan ɗanta Gareth ne na uku. Duk sanda ya zagayo, sha ɗaya na bugawa take juya shi. Ba ta taɓa ƙara wa kanta ko minti ɗaya ba.